Ihu a Waya, Shiru a Sakatariya

Kwanan baya na ji wani dattijo a rediyo, irin tsofaffin 'yan gwagwarmayar nan da suka ga jiya suka ga yau, yana yi wa matasa tatas. Wai jarumtar yaran yanzu a babban ɗan yatsa ta tsaya: su miƙe a kan katifa, su latsa waya, su zagi gwamna, su ja bargo. Ya ce a zamaninsu gwagwarmaya ƙafa ce da gumi da gidan yari.

Kafin a rufe shirin sai ga wani matashi ya bugo yana huci. Ya ce, "Baba, da girmanka da komai, zamaninku ya wuce. Mu yau da waya ɗaya sai mu girgiza Abuja."

Su biyun duk sun ba ni haushi, amma na matashin ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne zai daɗe a fagen.

Ra'ayina shi ne: kafafen sada zumunta sun sauƙaƙa tayar da magana fiye da kowane lokaci a tarihinmu, amma ba su rage ko ƙwayar zarra daga wahalar bin magana har ta kai gaci ba. Duk inda waya ta ci nasara a ƙasar nan, in ka tona za ka tarar da buƙata guda ɗaya, da mutum ɗaya da aka san sa hannunsa ake jira, da wasu 'yan tsiraru da suka ci gaba da sintiri bayan jama'a sun watse. Inda babu waɗannan, ihu ne kawai, kuma masu mulki sun daɗe da ƙwarewa wajen jiran ihu ya lafa.

Dattijon ya manta da Bagega

A 2010 aka gano gubar dalma na kashe yara a ƙauyukan Zamfara inda ake haƙar zinare. Mutane na kawo duwatsun ma'adinin cikin gida suna daka su, ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. An share ƙasar ƙauyuka da dama, amma Bagega, a ƙaramar hukumar Anka, aka bar ta tana jira.

Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce ba za ta iya fara ba yaran Bagega magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, domin in ka wanke jinin yaro ka mayar da shi gidan da gubar take, aikin banza ka yi. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin aikin a 2012. Wata ya bi wata, kuɗi ba su fito ba.

Nan ne wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka ɗauko batun da sunan Follow The Money. Suka je ƙauyen da ƙafarsu, suka ɗauko hotuna, suka ɗora a intanet da maudu'in #SaveBagega. Su da wasu ƙungiyoyi suka sa jama'a suka yi wa shafukan Shugaba Goodluck Jonathan dirar mikiya da tambaya guda: ina kuɗin? A ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka fara kwashe ƙasar, daga baya likitoci suka shiga.

A lura da yadda abin yake. Ba su ce "a gyara harkar lafiya a Arewa" ba. Sun ce ga ƙauye, ga kuɗin da aka riga aka yi alkawari, ga wanda zai sa hannu. Bayan an saki kuɗin ma ba su koma gida ba, suka bi sawu su ga ko sun isa ƙauyen.

Haka dokar rage shekarun tsayawa takara. Mutane na tuna maudu'in #NotTooYoungToRun, suna mantawa cewa gyaran kundin tsarin mulki sai ya samu amincewar majalisun jihohi aƙalla 24 daga cikin 36. Ƙungiyar YIAGA da abokan tafiyarta sun shafe kusan shekara biyu suna bin 'yan majalisa jiha-jiha, suna wallafa sunan wanda ya yarda da wanda ya noƙe. Ranar 31 ga Mayun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu: shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Ko talakan matashi zai iya sayen fom, wannan wata magana ce daban, tunda a 2022 naira miliyan 100 jam'iyya mai mulki ta sa wa fom ɗin shugaban ƙasa. Amma dokar dai an canza ta.

Akwai kuma wanda har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da yaran da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Da yawansu daga Kano da Kaduna aka kwaso su, sun shafe kusan wata uku a tsare. Ana zarginsu da cin amanar ƙasa. Aka ga bidiyonsu, sun rame sun fige, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin kowannensu naira miliyan 10.

Kwana uku bayan nan Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Da a zamanin da dattijonmu ke yabo ne, da labarin ya tsaya a layi biyu a shafin ciki na jarida, mu kuma mu ji shi bayan mako guda. Wayar wani da ke cikin kotun ce ta fitar da yaran nan.

Saboda haka duk mai cewa danna waya ba ya tsinana komai, bai yi adalci ba.

Amma matashin ya tambayi iyayen Chibok

Najeriya ba ta taɓa yin maudu'in da ya zagaya duniya kamar #BringBackOurGirls ba. An sace 'yan mata 276 daga makarantarsu a daren 14 ga Afrilun 2014. Cikin 'yan makonni uwargidan shugaban Amurka na lokacin, Michelle Obama, ta ɗaga kwali mai ɗauke da rubutun. Gwamnatin da ta yi ta jan ƙafa, har wasu na kusa da ita na musun an yi satar, dole ta buɗe baki.

Daga nan duniya ta juya ga wani abin. Waɗanda suka rage su ne 'yan ƙalilan masu jajayen riguna da ke zama a dandalin Unity Fountain a Abuja kullum, su Oby Ezekwesili da Aisha Yesufu, rana da ruwan sama, 'yan sanda na korarsu suna dawowa. An sako 21 a 2016, aka sako 82 a 2017, ta hanyar tattaunawar da ba a waya aka yi ta ba. Da aka cika shekara 10, fiye da 80 ba su dawo gida ba.

Ga kuma Abubakar Idris, Dadiyata, malamin jami'a kuma mai sukar gwamnati a intanet, wanda wasu suka ɗauke daga ƙofar gidansa a Barnawa, Kaduna, a farkon Agustan 2019. Duk shekara idan watan ya zagayo sai maudu'in neman sa ya yi tashe na yini guda. Washegari kowa ya koma harkarsa.

Dalilin a fili yake. Kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandali da talla suke cin abinci, talla kuma na bin inda idon mutane yake. Manhajar an gina ta ne ta riƙa turo maka sabon abu mai tayar da hankali. Labarin da ya kwana uku ya zama tsohon yayi, ko da kuwa gawa ba ta bushe ba. Yau ana kukan an sace ɗalibai, jibi rigimar 'yan fim biyu ta ture shi. Wanda ke kan kujera ya san haka sarai. Sai ya fitar da sanarwar "Allah wadai", ya kafa kwamiti, ya ba shi mako shida. Ya san kafin mako shida mun yi fushi a kan abu goma.

Abin da na gani a zaurenmu

Muna da zauren WhatsApp na unguwa. Da damina ta kama, magudanar ruwan bakin titi ta toshe, ruwa ya shiga gidaje, katangar wata bazawara ta zube. Cikin dare hotuna suka cika zauren. Wannan ya turo "Innalillahi", wancan "Allah ya isa", wani ya yi saƙon murya na minti bakwai yana tsine wa kansila tun daga kakansa. Wani ma ya zana hoton shugaban ƙaramar hukuma da kunnen jaki.

Sai wani malamin firamare mai ritaya ya rubuta: "Jama'a, ranar Litinin da ƙarfe tara za mu kai takarda sakatariya. Wa zai zo?"

Shiru. Ga alamar shuɗin layi biyu na nuna kowa ya karanta. Can sai aka fara: "Malam Allah ya ba da lada, ina da uzuri." "Muna tare da ku a addu'a." Mai saƙon murya na minti bakwai ya turo hoton hannu biyu a haɗe.

Ranar Litinin malamin ya tafi da wani tela da wani yaro ɗan bautar ƙasa. Aka ce shugaba ya yi tafiya. Malam ya ce ba komai, a buga masa hatimi a kwafin takardar cewa an karɓa. Ya ɗauki hoton hatimin ya saka a zaure. Litinin ta gaba ya koma, ya sake saka hoto. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya kai kwafin gidan rediyo aka karanta a shirin ƙorafin jama'a, yaron nan kuma ya yanko muryar ya ɗora a Facebook da sunan mazaɓar da ranar da aka karɓi takardar. A makon ne aka turo motar kwasar yashi.

Waya ta yi aiki a nan, babu musu. Amma hoton hatimin ne ya ciji mutanen sakatariya. Kunnen jakin dariya kawai suka yi masa.

"To ai fita titi haɗari ne"

Wannan uzuri ne mai nauyi, ba na raina shi. Wanda ya ga abin da ya faru a Lekki da ke Legas ranar 20 ga Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar #EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda, ko ya ji ƙungiyar Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a zanga-zangar Agustan 2024, ba za ka ce masa matsoraci ba don ya zauna a gida. Uwa ma ba za ta bar ɗanta ya fita ba, kuma tana da gaskiya.

Sai dai ni ba titi nake kira ba. Tsakanin katifa da hayaƙi mai sa hawaye akwai fili mai faɗi da muka bari babu kowa: rubuta takarda, zuwa zaman jin ra'ayin jama'a a majalisar jiha, zama a kotu duk ranar da aka ɗage shari'a don alƙali ya ga ana kallo, ɗaukar lauya da kuɗin karo-karo.

Sannan wayar ma ba mafaka ba ce. A 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutun da ya yi a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa, har aka kai shi gidan yarin Suleja, sai da ƙungiyar ɗalibai ta yi barazanar zanga-zanga a faɗin ƙasa aka janye ƙarar. An sha amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama 'yan jarida da masu rubutu. A 2019, lokacin da 'yan mata suka fara fallasa cin zarafin da ake yi musu da maudu'in #ArewaMeToo, 'yan sanda sun kama ɗaya daga cikin masu fafutikar, Maryam Awaisu, a Kaduna.

Kuma dandalin nan gidan haya ne, makullin na hannun wani. Gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wata bakwai cur. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya gaba ɗaya a Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, da sunan yaƙi da 'yan bindiga. A Nijar ma an yanke intanet na wayar hannu na kwanaki bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021. Fafutikar da ba ta san gidajen 'ya'yanta ba sai sunayensu na shafi, ranar da aka katse layi ta mutu.

Wa ke magana, kuma wa ya biya?

Mu a Kano mun san sojojin baka tun kafin waya mai shafawa ta zo. Su sayi fili a rediyo, su wanke maigidansu, su yi wa abokin hamayya wankin babban bargo. Aƙalla su mun san muryarsu, mun san gidan da suke karɓar na cefane.

Na yanzu sun fi wuyar ganewa. Yaro ne mai shafi huɗu da suna huɗu, ana tura masa kuɗin data a ƙarshen wata. A farkon 2023 BBC ta fitar da binciken da ya nuna jam'iyyun siyasa na biyan masu tarin mabiya a asirce don su yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya. Illar ba ta tsaya a lokacin zaɓe ba. Yau in ka ɗora hoton ajin da rufinsa ya yaye, kafin a tambayi ina makarantar take sai an tambayi kai ɗan wace jam'iyya ne. Masu kare gwamna su taso, masu adawa su ƙwace hoton su mai da shi makamin faɗansu, yaran kuma na nan a ƙasa suna shan rana.

Ga saurin yarda. A 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kafin gari ya waye gidaje da yawa sun yi, wasu suka kwanta asibiti, aka rasa rayuka. Yatsan da ya tura wannan saƙon shi ne dai ke tura hoton mutum da rubutun "ga ɓarawon yara" ba tare da ya san ko waye ba. Mai fafutikar da ke son a ɗauke shi da muhimmanci dole ya fi kowa tsantseni, domin ƙarya ɗaya ta isa hukuma ta yi watsi da gaskiyarsa goma.

Duk da haka ba zan yarda da masu cewa a toshe bakin kowa ba. An gwada kawo dokar taƙaita kafafen sada zumunta a majalisar dattawa a 2019, jama'a suka yi mata ca har ta kwanta, kuma gara da aka yi. Wanda irin wannan doka za ta fara kamawa shi ne mai hoton rufin aji. Yaron data yana da uban gida.

Abin da ya canza da gaske

A ganina babban sauyin ba a Twitter yake ba, inda 'yan boko ke muhawara da Turanci. Yana cikin saƙon murya. Matar da ke cikin gida, wadda ba ta taɓa zuwa taron siyasa ba, ba ta kuma iya rubutun boko ba, yau tana iya danna maɓalli ta faɗi abin da aka yi mata a asibiti, kafin la'asar dubban mutane sun ji. Manomin da 'yan bindiga suka sa wa ƙauyensu haraji yana iya turo muryarsa gidan rediyo. A da sai ka bi ta hannun mai unguwa, shi ya bi ta dagaci, maganar ta narke a hanya.

Kisan Hanifa, yarinya 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace a Kano a ƙarshen 2021, ya nuna haka. Mata ne suka riƙe maganar a Facebook da WhatsApp, da Hausa, suka hana ta kwanciya, 'yan jarida na bin kowane zaman kotu. A Yulin 2022 aka yanke hukunci. Shari'o'i nawa ne irin wannan ke shekara biyar ana ɗagewa saboda babu mai leƙawa?

Dattijon rediyo yana da abin da zai koya wa matashin, in zai rage faɗa. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. Su Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba ba su da rediyon kansu, balle waya. Abin da suke da shi rassa ne a ƙauyuka da unguwanni, mutanen da suka san juna, waɗanda in an ɗaure ɗaya sauran za su kai wa iyalinsa hatsi. Suna da buƙatu da kowane talaka zai iya faɗa da bakinsa, kamar soke haraji da jangali. Sai a 1979, da PRP ta ci Kano da Kaduna, gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su. Shekara 29 ana abu ɗaya.

Ba na cewa matasa su jira shekara 29. Kayan aikin da ke hannunsu ya fi na su Malam sauri nesa ba kusa ba. Ko #EndSARS, da ake yawan cewa ba ta da shugaba, abin da ya riƙe ta kusan mako biyu shi ne masu tara kuɗi suna wallafa lissafi kullum, da lauyoyi masu bin ofisoshin 'yan sanda suna belin waɗanda aka kama, da likitocin sa-kai. Gwamnati ta gane haka, shi ya sa bayan an watse asusun banki 20 aka sa aka rufe.

In da ni ne mai mabiya dubu hamsin, da na rage zagin Abuja na koma kan sakatariyar ƙaramar hukumata. Akwai 774 a ƙasar nan, 44 a Kano kaɗai. Duk wata ana wallafa abin da kowace ta samu daga asusun tarayya, kowa na iya dubawa a wayarsa. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardar mai tambaya, ko da yake a baya wasu jihohin sun yi ta gardamar cewa ba ta hau kansu ba. Ƙungiyar BudgIT na da shirin Tracka da ke bin ayyukan mazaɓu, ana iya ganin rijiyar burtsatse ko ajin da aka rubuta wa ƙauyenku a kasafi.

A ɗauki aiki ɗaya daga ciki. A je wurin a ɗauki hoto, ko da fili ne fetal da ciyawa. A haɗa hoton da shafin kasafin da sunan ɗan majalisar da ya kawo aikin, a yi bayanin da Hausa cikin saƙon murya don iyayenmu su ji, a kai kwafi rediyo. Sannan a sa ranar da za a koma, a faɗi sunayen mutum uku da za su je.